Haruffa Goma Sha Uku na Malam Dalhatu

Shekara biyu da yanke mana jiha, babu abin da ya kai ƙungiya arha a Gusau. Masu faci sun yi tasu, masu rake sun yi tasu, kowace da dogon suna na Turanci da 'yan haruffa a gindinsa. Mu dillalan hatsi muna da tamu tun tuni, sai dai ba ta da suna. In za a taru sai a ce a haɗu a rumfar Alhaji Attahiru, shugabanmu, kuma ban taɓa jin wanda ya ɓata hanya ba.

Sai Malam Dalhatu ya dawo gida. Shekara ashirin da biyu ya yi yana masinja a Sakkwato. Ya dawo da tsohon babur, da biro uku a aljihun gaba, da yaƙinin cewa duk fayil ɗin da ya taɓa saƙalewa a hammata iliminsa ya shige shi. Ya kafa buhunan dawa kusa da nawa. Bai yi wata ba kasuwa ta raɗa masa Babban Baƙi, don ko farashin tiya ka tambaye shi sai ya bi da kai ta kan yadda Bature ke rubutu.

Ana gab da kaka aka kawo wa Alhaji Attahiru takarda. Wani kwamiti zai ba da injin casar hatsi guda ɗaya tak ga ƙungiya ɗaya, za a miƙa shi a fili a gaban jama'a. Duk wanda ya taɓa jiran a sussuke masa gero da turmi alhali mota na tsaye tana jiran lodi ya san abin da injin nan yake nufi a wurinmu. Aka tara mutanen Gusau da na Tsafe da na Bungudu. Takardar da Turanci take, saboda haka ta faɗa hannun Malam Dalhatu.

Ya sa tabarau, ya karanta a zuci, ya naɗe ta ya tura aljihu.

"Sun ce sai ƙungiya mai suna na Turanci, da taƙaitacce nai na haruhwa. Wanga aiki kuwa ba kowa ka iya shi ba. Ni na kai ma manyan sakatarori shayi suna yin shi."

"To a yi muna," in ji Alhaji Attahiru.

"Ba a yi sai an san doka. Ta hwarko, duk kalma mai nauyi da babban baƙi aka hwara ta. Ƙanana irin su of da and ba su da wanga matsayi, 'yan rakiya na. Ta biyu, in za a taƙaita, kan kowace babba aka ɗauka a jera, 'yan rakiya su tsaya waje. Ta ukku, bayan kowane harahi sai ɗigo. Ba a barin ɗigo ko ohis ya kama da wuta."

Ya ɗauki gawayi ya rubuta a bangon rumfa: Grain Dealers Association of Gusau, Tsafe and Bungudu. A ƙasa ya jera G.D.A.G.T.B. Ya ja da baya yana kallon abin, mu ma muka taya shi kallo.

Gambo, jagoran mutanen Tsafe, ya tambayi wanne ne nasu. Aka nuna masa.

"Mi yas sa Gusau ta riga Tsahe?"

"Kai ka samu," in ji Tukur na Bungudu. "Mu munka zam wutsiya."

"Duk manyan baƙaƙe na, ba wanda yaf hi wani," in ji Malam Dalhatu. "Ku bar mani wanga. In injin ga bai zo hannunmu ba, ku kawo dammanku ƙohwar gidana, ni da kaina ni ka sussuke su da taɓarya."

Aka yi dariya, don sussuka aikin mata ne, kuma matarsa Saude ita ce ma shugabar Matan Turmi, masu yi wa 'yan kasuwa sussuka da surfe. Shi bai yi dariya ba. Ya ce a shaida, aka shaida. A ranar ya cike fom da haruffan nan shida, ya sa babbar riga ya kai ofis da kansa.

Da abin ya tsaya nan da yanzu muna da inji.

Ranar kasuwa ta gaba mutanen Bilbis suka zo su biyar, suka ce sun ji an raba haruffa ba a ba su ba. Malam Dalhatu ya ce ai suna cikin Tsafe. Suka ce in gero ake nema ba a cewa suna cikin Tsafe, har gida ake bin su. Ya ƙara B. Kucheri suka ji, ya ƙara K. Masu wake suka ce su ba hatsi suke sayarwa ba, masu gyaɗa suka ce balle su. Ya ƙara biyu. Manoman da ke cikinmu suka ce su ba dillalai ba ne, kada a ɓata musu suna, ya ƙara F. Daga ƙarshe Alhaji Attahiru ya ja shi gefe ya tuna masa a rumfar wa ake zama. Aka ƙara A guda biyu, ɗaya ta Alhaji, ɗaya ta Attahiru.

Haruffa suka kai goma sha uku. Bangon rumfa ya ƙare, aka zagaya da rubutun bangon mai shayi.

Na ce masa, "Malam, ba taƙaitawa anka ce ba?"

"An taƙaita mana. Ka ga cikakken?"

Ban gani ba, kuma ba wanda ya taɓa gani, har shi.

Ya tara mu ya yi mana gargaɗi. Ya ce a wurin gwamnati nauyin ƙungiya a yawan haruffanta yake. "Daga yau duk wanda yak kira ku da ƙasa ga sha ukku ya raina ku. Kada wanda ya amsa. Ku ƙirga da yatsu in kuna shakka." Muka ce mun ji. Na tambaye shi ko za a je ofis a gyara fom, ya ce ofis da kansu za su gyara in sun ga abin da ya shirya.

Abin da ya shirya shi ne, mu ba za mu riƙe ƙyalle kamar kowa ba. Kowane harafi za a zana shi a kan allon kwanon rufi, a kafa masa sanda, mutum guda ya ɗaga. Ya taɓa ganin 'yan makaranta sun yi haka a Sakkwato, har babban baƙo ya miƙe tsaye. Ya cire kwanon rumfar awakinsa, ya sayo baƙin fenti, ya yi kwana huɗu yana zane. Awakin suka koma kwana a zaure.

Ran nan ya ɗaure allunan mutanen Tsafe a bayan babur, a gicciye, ya kama hanya. Mun ce ya ba mota, ya ce direba bai san darajar harafi ba. Kafin ya isa, wata tirela ta wuce shi da gudu, iskarta ta shiga ƙarƙashin allunan, babur ya bar kwalta ba tare da shawarar mai shi ba. A tsakiyar wata gonar wake ya sauka. Mai gonar ya zo ya duba waken, ya duba Malam Dalhatu, ya zare allon K ya ce zai dace da bakin rumbunsa. Sai da aka sake zana wani.

A Tsafe, Gambo ya karɓi T ɗinsa ya auna da taƙi. Ya ce ya ga G ta Gusau, tana da ciki, tasu kuwa sanda biyu ce kawai, ramammiya. Malam Dalhatu ya ce haka Bature ya halicce ta. Gambo ya ce Bature bai san Tsafe ba. Bayan tafiyarsa suka cire ƙyauren wani shago suka zana T mai tsayin mutum da rabi. Labari ya kai Bungudu kafin la'asar. Tukur ya aika a tambayo nawa a-kori-kura ke ɗauka.

Saura ɗigo. Malam Dalhatu ya shiga gida ya tarar da fayafayen Matan Turmi a jingine, waɗanda suke sheƙe hatsi da su. Ya ƙirga goma sha uku ya shafe su da baƙin fenti, ya shanya a tsakar gida. Saude ta dawo ta tsaya a kansu.

"Malam, mi fayafayenmu sunka yi maka?"

"An ɗaga darajarsu. Sun shiga Turanci."

"To da mi za mu sheƙa?"

"Nan da sati ba mai neman ku. Inji na tahe."

"Mu ma mun cike takardar," in ji ta.

Ya sauke tabarau. "Da wane suna?"

"Da sunanmu. Matan Turmi."

"Haruhwa nawa?"

"Ba mu ƙirga ba."

Ya yi mata kallon tausayi, ya ce in an gama taro ta zo ya koya mata doka ta farko.

Rabon ɗigo ya fi komai wahala. Harafi kowa na so, ɗigo ba mai so. Wani ya ce yana da 'ya'ya goma sha ɗaya, ba zai tsaya a gaban jama'a a matsayin ɗigo ba. Wani ya ce ya je Makka. Malam Dalhatu ya yi tunani ya ce ai ɗigo na dattawa ne, don ba shi da nauyi, kuma shi ke tsayar da harafi kada ya wuce gona da iri. Nan take Baba Yusha'u, wanda ya fi kowa shekaru a ƙungiyar, ya ce a ba shi na farko. Sauran suka bi. Ni na makara ranar, haruffa sun ƙare, na samu ɗigo na huɗu.

G ta farko, mai jan layi, ya ba Lukuman, don ya fi kowa tsawo da ƙarfi. Duk kasuwa ta san Lukuman ne ke auren Mairo 'yar Baba Yusha'u, kuma shekara tara ke nan ba a taɓa ganinsa tsaye a inda surukinsa yake ba. In ya hango shi a layin masu gero, ta layin masu barkono yake zagayawa. Malam Dalhatu yana Sakkwato aka yi auren. Mu kuma ya riga ya ce kada wanda ya sa masa baki a sha'anin haruffa, sai ba mu sa ba.

Ranar taro da hantsi fili ya cika. Ga rumfar manyan baƙi, ga lasifika, ga injin an ɗaura masa kore da farin ƙyalle. Sauran ƙungiyoyi kowace ta riƙe ɗan ƙyallenta. Matan Turmi suka shimfiɗa tabarmi a gefe suka zauna, ba ƙyalle ba allo. Mu muka shigo mu kusan talatin. T ta Tsafe mutum uku ke riƙe da ita. B ta Bungudu ba ta sauka daga a-kori-kura ba, direban ya shigo da ita cikin layi ya kashe mota. Gaskiya an kalle mu, ban taɓa ganin an kalli mutane haka ba.

Malam Dalhatu ya hau jera mu da usur a baki. Ya kafa Lukuman a gaba, ya kamo hannun Baba Yusha'u ya tsayar da shi a bayansa. Lukuman ya waiga. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa, G ta kwanta a ƙasa.

"Tashi!" in ji Malam Dalhatu.

"Baba na tsaye," in ji Lukuman, kansa a ƙasa.

"Nan ba Baba ba na, ɗigo na."

"Wa aɗ ɗigo?" in ji Baba Yusha'u.

"A'a Baba, ina nuhin matsayi."

"In matsayi na, mi yas sa yaro ag gabana?"

Maganar ta bi layi har ƙarshe. Kowa ya dubi na gabansa ya fara lissafin shekaru. Mai D ya gano mai A ya girme shi da kaciya guda, ya ja baya. Wani ya tarar da wan babansa a bayansa riƙe da faifai, ya ba shi wuri. Dattawa goma sha biyu da fayafayensu suka taru a gaba, ɗigo na bin ɗigo, ni na tsaya a inda nake don ban girmi kowa a kusa ba. Gambo ya ga an buɗe hanya ya tura T gaba. Tukur ya ce wa direba ya tayar da mota.

Malam Dalhatu ya yi ta busa usur. Ya koma kan Lukuman ya cicciɓe shi ta hammata ya tsayar da shi, kafaɗa da kafaɗa da surukinsa. Lukuman ya yi tsaye kamar na daƙiƙa biyu, ido rufe. Sai ya saɓi G ya zura da gudu, ba takalmi, ya bi ta bayan rumfar manyan baƙi ya fice daga fili.

"Ba a hwara suna ba G!" in ji Malam Dalhatu. Ya tattare riga ya bi shi.

Fitarsa ke da wuya jami'in kwamiti ya kama lasifika. Ya ce an duba ƙungiyoyi, an ga wadda ta fi yawan mambobi da buƙata, ita za a ba injin. Ya ɗaga takarda ya karanto haruffa ɗaya bayan ɗaya da bakin Turawa.

Alhaji Attahiru ya ƙirga da yatsu. Ya juyo ya dube mu.

"Shidda."

"Ba mu ba na," in ji Gambo daga bayan T.

Jami'in ya sake kira. Muka sake ƙirgawa, mu duka, har da masu ɗigo. Shida dai.

"Wata 'yar ƙaramar ƙungiya ta," in ji Tukur. "Allah sarki. An ba su inji ba su zo ba."

"Sakaci na," in ji Baba Yusha'u. "Mutanen yanzu ba su da tsari."

A kira na uku jami'in ya dubi wajenmu, ya daɗe yana duba. Na ga bakinsa na motsi yana ƙoƙarin karanta mu. A lokacin layinmu ya fara da ɗigo goma sha biyu, sai T, sai gaban mota. Ya duba takardarsa, ya sake dubanmu, ya girgiza kai. Ya ce tunda masu shi ba su zo ba, doka ta ce a ba ta biyu.

"Matan Turmi!"

Kafin ya rufe baki sun miƙe. Guɗa ta tashi. Saude ta gyara mayafi ta nufi rumfa, ta wuce ta gabana, ta dubi faifan da ke hannuna ta ce in an gama a wanke shi kafin a mayar.

Ana cikin tafi Malam Dalhatu ya dawo, yana jan G a ƙasa, hula a hannu, ba Lukuman. Ya ji guɗa ya ɗauka tamu ce, ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa. Sai ya hango matarsa riƙe da makullin inji ana ɗaukar ta hoto.

"An kira mu?"

"A'a," in ji Alhaji Attahiru. "Wasu masu shidda anka kira har sau ukku. Mun ƙirga yadda kac ce, ba mu amsa ba."

Malam Dalhatu ya ruga wurin jami'in, mu kuma muka bi shi da allunanmu. Ya ce an yi kuskure, shida na da ne, yanzu sha uku ne, ga su nan a tsaye. Jami'in ya nuna masa fom.

"Wannan rubutun wa ne?"

"Nawa na."

"To shi na kira. Ni ma na yi mamaki, don ku kaɗai kuka ba da haruffa ba cikakken sunan da za a iya kira da Hausa."

"Ai ku kunka ce dole sai Turanci da taƙaitawa," in ji Alhaji Attahiru.

"Mu? Takardar cewa ta yi a rubuta sunan ƙungiya. Sai wani ɗan gurbi a ƙasa, na taƙaitaccen suna in akwai."

Muka juya gaba ɗaya muka dubi aljihun Malam Dalhatu, inda takardar ta kwana a naɗe har sati biyar. Ya dafe aljihun. Ya ce shi a Sakkwato in an ce in akwai, to a nemo ake nufi. Na ji haushinsa ranar har cikin raina, amma da na ga yadda gumi ke bin tabaransa sai kuma ya ba ni tausayi kaɗan. Kaɗan dai.

Gambo ya sayar wa Matan Turmi T a wurin, suka yi wa injin rumfa da ita. B ta koma Bungudu a motar da ta kawo ta.

Washegari da safe Malam Dalhatu ya fito zai tafi kasuwa ya tarar da mu a ƙofar gidansa. An jera damman gero goma sha uku a jikin bango, kowane harafi da daminsa. Alhaji Attahiru ya kawo biyu, nasa na Alhaji da na Attahiru. Lukuman ya aiko da nasa, don Baba Yusha'u na wurin. Saude ta mirgino turmi har waje, ta jingina taɓarya, ta ce su yau suna wurin inji, kayan aiki sun zama nasa. Maƙwabta suka fito da kujeru.

Ya dubi damman ya ƙirga. Ya ce magana ce ya yi, kuma shi ba ya magana biyu. Ya naɗe hannun riga. Sai idonsa ya kai kan wasu ƙananan ƙulle-ƙulle na gero, an ajiye ɗaya a bayan kowane dami.

"Waɗanga ƙanana hwa? Sha ukku munka yi da ku."

Baba Yusha'u ya gyara zama a kan kujera.

"Ɗigo na, Malam. Kai kac ce ba a barin shi."